Wa ke duba fakej ɗin da muke saukewa?

Malam Bashir, Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Lokacin furojet ya kama, yara suna ta sauke fakej, wato kod ɗin da wani ya rubuta ya ɗora don kowa ya yi amfani da shi, daga npm (rumbun fakej na JavaScript) da PyPI (na Python) ba dare ba rana, shi ya sa nake son mu zauna a kan wannan magana. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka idan mutum ya rubuta npm install ko pip install, fayil kawai yake saukowa ya kwanta a kwamfuta har sai an kira shi. Ba haka ba ne. A npm, mai fakej yana iya saka umarnin preinstall ko postinstall, wanda zai tashi aiki da kansa yayin saukewa. A Python, idan fakej ya zo da setup.py, pip na iya gudanar da shi a lokacin girkawa. Ke nan kod ɗin wani mutum da ba ka taɓa gani ba ya yi aiki a kwamfutarka, da sunanka, da duk ikon da kake da shi, tun kafin ka rubuta layi ɗaya.

Me yake nema? Fayil ɗin .env da ke cikin furojet, inda ake ajiye bayanan sirri, mabuɗan SSH na shiga wata kwamfuta daga nesa, tokin ɗin GitHub, wato mabuɗin shiga asusunka a shafin ajiye kod, tokin ɗin npm da ke cikin .npmrc, mabuɗan AWS na sabobin Amazon, kalmomin sirri da kukis (bayanan da ke sa shafi ya tuna ka riga ka shiga) da burauza ta ajiye, da walat ɗin kirifto idan akwai. Ya tattara ya tura, aikinka kuma ya ci gaba da tafiya lafiya lau, ba abin da zai nuna maka an yi ɓarna. Tambayata ita ce, mu nan Zariya, da irin kayan aikinmu da yanayinmu, me za mu iya yi a zahiri?

Usman, aji huɗu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai abin da aka koya mana shi ne a duba yawan taurarin GitHub da yawan masu saukewa a mako. Idan fakej yana da miliyoyin masu amfani, ai idanu sun yi yawa a kansa. Wannan bai wadatar ba?

Injiniya Hauwa:
Ƙanena Usman, wannan shawarar tana maganin nau'i ɗaya ne kawai, wato fakej ɗin bogi da aka raɗa wa suna mai kama da na gaske. Kamar colourama da aka taɓa sakawa a PyPI don ya kama masu neman colorama. Irin wannan ya yi yawa har a watan Maris na 2024 PyPI ta dakatar da rijistar sababbin mutane da sababbin furojet na ɗan lokaci, saboda an kwararo ɗaruruwan fakej masu sunayen kuskure. A nan kam duba suna da yawan masu saukewa yana taimakawa.

Amma ka dubi abin da ya faru ranar 8 ga Satumba 2025. An aika wa mai kula da fakej ɗin npm masu suna chalk da debug imel daga adireshin npmjs.help, wai ya sabunta tantancewarsa ta mataki biyu. Ya shiga shafin, ya saka bayanansa, suka karɓe asusun. Fakej 18 aka gurɓata, waɗanda idan aka haɗa su ana sauke su sama da sau biliyan 2 a mako. Kod ɗin da aka cusa yana musanya adireshin walat a burauza, kuɗi su tafi wurin ɓarawo. Suna na gaske ne, taurari na gaske ne, mai fakej ma mutumin kirki ne. Sigar da ta fito ranar ce kawai ke da guba. Yawan masu amfani shi ne ma abin da ya ja hankalin ɓarayin tun farko.

Ɗanlami PZ:
To ai ga ta nan. Ni shekara da shekaru ina faɗa, abin da aka ba ka kyauta ba ka da wanda za ka riƙe. A shagona idan na sa wa mutum manhajar kamfani ta ba da matsala, akwai kamfanin da ke da suna da ofis da lauyoyi. Wannan buɗaɗɗiyar manhaja da kuke yabo, kowane ɗan iska a duniya zai iya buɗe asusu yau ya ɗora abin da ya ga dama. Ku gaya mini gaskiya, ba tsarin ne kansa ke da matsala ba?

Alhaji Tukur:
Ɗanlami, ka tuna SolarWinds? Kamfani ne mai ofis da lauyoyi, kod ɗinsa a rufe, ana biyan kuɗi mai tsoka. A Disamba 2020 aka gano an cusa ƙofar baya a cikin sabuntawar manhajarsu ta Orion, kuma kimanin abokan cinikinsu 18,000 sun sauke ta, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Watanni ta yi a ciki. Babu wani na waje da zai iya buɗe kod ɗin ya gani.

Sai ka kwatanta da XZ Utils, buɗaɗɗiyar manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, a Maris 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya kwashe kusan shekara biyu yana taimako har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund, injiniya ne da ke aiki a kan PostgreSQL, ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya isa manyan sigogin Linux da jama'a ke amfani da su. Ya iya yin haka ne don abin a buɗe yake.

Inda zan yarda da kai shi ne nan: rijiyar unguwa ce, kowa na ɗiba, ba mai kawo kuɗin murfi. Mutum ɗaya ne yake riƙe da XZ shekaru, ba albashi, ya gaji, shi ya sa da mai taimako ya zo ya karɓe shi hannu bibbiyu. Haka fakej ɗin npm mai suna event-stream a 2018. Mai shi ya daina amfani da shi, wani ya ce a ba shi ya ci gaba da kulawa, aka ba shi, ya ƙara wani fakej mai suna flatmap-stream da aka tsara don satar mabuɗan walat ɗin Copay. Manyan kamfanoni na cin riba da aikin waɗannan bayin Allah, ba sa biyan ko sisi.

Ɗanlami PZ:
Na ji, Alhaji. Amma ka lura, wancan mutumin sa'a ce ta sa ya gano. Da bai damu da rabin daƙiƙa ba fa?

Alhaji Tukur:
Da an sha wahala. Ban musa ba. Amma a rufaffen kod ko wannan damar babu.

Malam Bashir, Samaru:
Alhaji da Ɗanlami, Allah ya ƙara girma, amma kada mu tsaya a wane ya fi wane. Ɗanlami, ko manhajar kamfanin da kake sa wa mutane, cikinta cike yake da waɗannan fakej ɗin na kyauta. Ba wanda ya tsira da su. Kuma tunda magana ta zo shago, kwamfutocin da ake cika wa ɗalibai da manhajojin da aka fasa, ta nan ma ɓarayin kalmar sirri ke shigowa, wataƙila ma fiye da ta npm. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mugun kod ɗin npm da ake kira Shai-Hulud, wanda ya ɓulla a tsakiyar Satumba 2025. Shi ba satar kawai yake yi ba, yaɗuwa yake yi da kansa. Ka sauke gurɓataccen fakej, sai ya tashi ya ɗauko TruffleHog, wadda halastacciyar manhaja ce da masu tsaro ke amfani da ita wajen neman mabuɗan da aka manta, ya bincike kwamfutarka da ita. Abin da ya samu ya buɗe ma'ajiya a asusunka na GitHub ya zuba a fili, kowa na iya gani. Idan ya tarar da tokin ɗin npm, sai ya bi fakej ɗin da kai kake kula da su, ya cusa kansa, ya fitar da sabuwar siga da sunanka. Hukumar CISA ta Amurka ta ce sama da fakej 500 ya taɓa. A Nuwamba ya dawo karo na biyu, ya koma amfani da preinstall, ya shiga fakej ɗin kamfanoni irin su Zapier da PostHog da Postman, kuma an saka masa cewa idan ya rasa hanyar fitar da abin da ya sata ya yi ƙoƙarin goge fayilolin mai kwamfutar.

Zainab, Tudun Wada:
Malam, ni Python nake yi, aikin nazarin bayanai, ba na taɓa npm. Na ɗauka mu da sauƙi.

Injiniya Hauwa:
'Yar'uwa babu sauƙi. Tsakanin 25 da 30 ga Disamba 2022, waɗanda suka sauke sigar gwaji ta dare ta PyTorch a Linux ta hanyar pip sun samu wani fakej na bogi mai suna torchtriton. PyTorch na da fakej mai wannan suna a nasu rumbun, wani ya je ya yi rijistar sunan a PyPI, pip kuma ya fifita na PyPI. Yana kwasar abin da ke cikin .ssh da .gitconfig da fayiloli har 1,000 daga babban fayil ɗin mai kwamfuta. Ba wanda ya yi kuskuren rubuta suna, umarnin da ke shafin suka bi.

Ga kuma ctx a Mayu 2022. Tsohon fakej ne da aka daɗe ba a taɓa ba. Adireshin intanet da imel ɗin mai shi ke kai ya ƙare ba a sabunta ba, wani ya saye shi, ya nemi a sake masa kalmar sirri ta PyPI, ya shige. Sabuwar sigar tana tura duk bayanan muhallin aiki zuwa wata saba, kuma nan ne mutane ke ajiye mabuɗan AWS. Irin waɗannan ne suka sa daga 1 ga Janairu 2024 PyPI ta wajabta tantancewa mataki biyu ga duk mai ɗora fakej.

Zainab, Tudun Wada:
Innalillahi. To ni bayanan da nake aiki da su na marasa lafiya ne, na binciken wani likita. Mabuɗin rumbun bayanan a cikin littafin Jupyter na rubuta shi. Yau zan cire.

Mubarak, Sabon Gari:
Bari in ƙara wata hanya da ta shafe mu kai tsaye, mu masu neman aikin waje. Wani abokina da muke zama tare an tuntuɓe shi a shafin neman aiki, wai kamfanin kirifto ne, albashi da dala. Suka yi hira, suka turo masa ma'ajiya, suka ce ya sauke ya tayar da furojet ɗin ya gyara wani ɗan kuskure cikin awa guda. Ya yi npm install, ya tayar, ya gyara, ya tura. Daga nan shiru. Bayan kwana biyu ɗan abin da ya tara a walat ɗin burauzarsa ya tafi, aka kuma shiga imel ɗinsa. Kuɗin da yake tarawa na aure ne. Har yau bai dawo daidai ba.

Injiniya Hauwa:
Allah ya mayar masa da alheri. Wannan salon sananne ne. Masu bincike na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks sun bayyana shi tun Nuwamba 2023, suka kira shi Contagious Interview, suka danganta shi da masu kutse na Koriya ta Arewa. Muguwar manhajar da ke ciki ana kiranta BeaverTail, aikinta kwasar abin da ke burauza da walat. Matsin awa ɗayan nan da gangan ne, don kada ka tsaya karanta package.json. Duk wanda aka turo wa gwajin aiki, ya buɗe shi a kwamfutar wucin gadi ta VirtualBox ko cikin Docker ko GitHub Codespaces, kada ya kuskura ya tayar da shi inda burauzarsa da asusun bankinsa suke.

Usman, aji huɗu:
Anti, a nan ne fa gizo ke saƙa. Laftof ɗina ram ɗinsa 4 ne, idan na kunna VirtualBox sai ya tsaya cak. Codespaces kuma data yake ci, ga netwok ɗin hostel. Yawancinmu laftof ɗaya ne, da shi ake furojet, da shi ake biyan kuɗin makaranta, wani lokaci mutum uku ke amfani da shi. Wasu ma node_modules, inda npm ke zuba duk fakej ɗin da aka sauke, gaba ɗaya ake kwafa a fulash daga ɗaki zuwa ɗaki don a rage data. Shawarwarin da ake bayarwa kamar an yi su ne don masu kwamfuta biyu.

Malam Bashir, Samaru:
Usman ya faɗi gaskiya, kuma dalilin buɗe zancen ke nan. Ga abin da ni nake ganin ba ya cin ko kobo.

Buɗe asusun mai amfani na biyu a kwamfutar, wanda ba shi da ikon admin, ka riƙa rubuta kod a can. Burauzar da ke ɗauke da imel da banki ta zauna a asusun farko. Ba katanga ce da ba a haurawa ba, amma yawancin waɗannan ɓarayin fayil ɗin wanda ya tayar da su kawai suke iya karantawa. Idan suka shiga suka tarar ba kukis, ba kalmar sirri, ba walat, sun tashi a tutar babu.

Sannan ka tambayi kanka me ke kwance a kwamfutar da bai kamata ya kwana a can ba. Na sha ganin yara sun yi wa mai kanti ko wata makaranta shafin biyan kuɗi, mabuɗin sirri na gaske na Paystack ko Flutterwave yana cikin .env a laftof watanni bayan an gama aiki. Ai don haka aka yi mabuɗin gwaji. Na gaske wurinsa saba. Tokin ɗin GitHub a ba shi ma'ajiya ɗaya da wa'adin ƙarewa. Mabuɗin SSH a sa masa kalmar sirri. Ba za mu iya karanta fakej ɗari takwas da furojet ɗaya ke jawowa ba, ba wanda ke yi ko a Amurka. Amma rage abin da ɓarawo zai tarar yana hannunmu.

Batun fulash kuwa, ba na so. Ba ka san me aka taɓa a ciki ba. A kwafi package-lock.json, wato fayil ɗin kulle da ke rubuta ainihin sigar kowane fakej, a yi npm ci ya fi, domin shi yana duba cewa abin da ya sauko daidai yake da wanda aka rubuta.

Injiniya Hauwa:
Ina goyon baya, in ƙara biyu. A saka ignore-scripts=true a .npmrc, ko a koma pnpm, wani madadin npm, wanda daga siga ta 10 ba ya gudanar da umarnin girkawa na fakej sai ka ba da izini. Wasu fakej kamar esbuild ko bcrypt na iya buƙatarsa, sai ka buɗe musu su kaɗai. Amma a sani, wannan ba ya hana kod ɗin da ke jira sai an kira fakej ɗin, kamar na chalk.

Na biyu, kada a yi gaggawar ɗaukar sabuwar siga. Gurɓatattun sigogin chalk da debug cikin 'yan awoyi aka cire su. Wanda ya jira kwana uku bai ma san an yi ba. pnpm na da saitin minimumReleaseAge da ke hana ɗaukar sigar da ba ta kai wasu kwanaki da fitowa ba.

Alhaji Tukur:
'Yata Hauwa, a nan zan ja da ke. Shekara ashirin muna roƙon mutane su sabunta manhaja, yanzu kuma mu ce su jira? Kin san mutanenmu. Ki ce kwana uku, su ji shekara uku. Dubi fakej ɗin Java mai suna Log4j a Disamba 2021, cikin awoyi da bayyana raunin aka fara kai hari, wanda ya jira ya sha kashi. Ina tsoron yaran nan su ɗauki jinkiri a matsayin tsaro.

Injiniya Hauwa:
Baba Alhaji, ba na ce a daina sabuntawa ba. Abu biyu ne daban. Idan an sanar da rauni mai lamba, wato wanda aka yi wa rijista a hukumance, ana kai hari da shi, a sabunta yau, da hannu, ido a buɗe. Amma sigar da ta fito jiya da daddare ba tare da wani dalili ba, me zai sa laftof ɗin ɗalibi ya zama farkon wanda zai ɗanɗana ta? Alamar ^ da ke gaban lambar siga ita ke jawo sabo ba tare da mutum ya sani ba idan babu fayil ɗin kulle.

Alhaji Tukur:
Na fahimce ki. Amma wa zai sanar da yaron cewa an sami rauni mai lamba? Idan za a koya masa jira, a koya masa kunna Dependabot, mai sanarwa a GitHub idan fakej ya sami rauni, da gudanar da npm audit ko pip-audit masu duba irin wannan raunin, a rana ɗaya. In ba haka ba ban yarda ba.

Injiniya Hauwa:
Wannan sharaɗin na karɓa. Sai dai a gaya masa npm audit abin da aka riga aka kai rahoto kawai ya sani. Idan ya ce ba matsala, ba shaidar tsarki ba ce.

Mubarak, Sabon Gari:
To wanda abin ya riga ya same shi fa? Abokina ya goge furojet ɗin, ya canza kalmar sirrin imel. Ya isa?

Injiniya Hauwa:
Bai isa ba, Mubarak, ka kira shi yanzu. Goge fakej ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Daga wata na'ura mai tsabta, ko wayarsa, ya canza kalmar sirrin imel tukuna, sannan sauran. Ya danna fitar da duk na'urorin da ke ciki, domin idan an saci kukis ana shiga ba tare da kalmar sirri ko lambar tantancewa ba. Ya soke duk tokin da mabuɗan SSH a GitHub ya yi sababbi, ya duba ko an buɗe ma'ajiyar da bai sani ba ko an ƙara masa fayil a .github/workflows. Ya duba imel ko an saita tura saƙonni zuwa wani adireshi. Walat ɗin nan ya mutu, kada ya sake zuba komai a ciki, ya buɗe sabo da sababbin kalmomi. Kwamfutar kuma a yi mata fomat, don BeaverTail kan sauko da wata manhajar da ke zama a ciki. Idan akwai mabuɗan wani da ya yi wa aiki a laftof ɗin, ya sanar da shi yau. Na san da nauyi, amma amana ce.

Mubarak, Sabon Gari:
Akwai na wata makarantar firamare da ya yi wa shafi. Zan sa shi ya kira su.

Ɗanlami PZ:
Ya kawo laftof ɗin shago, zan yi masa fomat ba sai ya biya ba. Ya zo da fulash ɗin da zai kwashe takardunsa, amma ban da node_modules. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ya kamata a ce akwai mai tantance fakej kafin a bari ya hau.

Alhaji Tukur:
Fakej sama da miliyan biyu ne a npm, Ɗanlami. Debian, wani nau'in Linux, na tantancewa, shi ya sa nasu ba su kai ko kusa da haka ba, kuma sukan zo a makare. Masu son sauri su suka zaɓi ɗayan.

Zainab, Tudun Wada:
Malam Bashir, duk wannan a rubuce yana da wuyar bi ga wanda bai saba ba. Ba za a haɗu a nuna mana a aikace ba? Musamman raba asusu da soke tokin. Mata da yawa a ajinmu ba sa magana a nan amma suna karantawa.

Malam Bashir, Samaru:
Za a yi in sha Allahu. Asabar bayan la'asar a Samaru, zan sanar da wurin idan na samu ɗaki mai wuta. Kowa ya zo da laftof da cajarsa. Injiniya za ta ɗauki npm da pnpm, Alhaji ya ɗauki SSH da Dependabot, ni in ɗauki raba asusu da .env. Usman, ka tattara mini sunayen 'yan ajinku da za su zo zuwa ranar Alhamis, don in san yawan kujeru.

Usman, aji huɗu:
To Malam. Masu Windows ne suka fi yawa, a shirya da saninsu.